Ranar da Tana Ta Zaro Mini Harshe

A majalisarmu ta ƙofar gida ni ne gwanin labarin macizai. Kububuwa, kasa, kumurci, babu wanda ban kashe ba, da baki. To, da ruwan farko ya sauka bana, uwargida ta ce in matsar mata da randa. Ina ɗagawa sai ga wata baƙar tana mai sheƙi, tsawonta bai wuce taƙi ba. Na ɗauke ta zan jefa wa kaji.

Sai tana ta zaro harshe mai reshe biyu, ta kuma dosa mini wani tsini a tafin hannu.

Salatin da na saki har bakin titi an ji. Na fizge zariyar wandona na ɗaure damtse kada dafi ya hau, na manta zariyar tana kan wani aikin. Haka maƙwabta suka tarar da ni, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da wando, ina lissafa wa uwargida waɗanda nake bi bashi. Masu bina kuwa ban samu sukunin tuna su ba.

Wani maƙwabcinmu malamin kimiyya ya duƙa ya ɗora abin a hannunsa.

"Alhaji, kwance zariyar nan. Ko saran gaske ne ba a ɗaurewa, asibiti ake nufa. Wannan makahon maciji ne, ba shi da dafi, bakinsa ma bai isa ya kama fatarka ba."

Ashe da wutsiya ya soke ni, akwai 'yar ƙaya a ƙarshenta. Idanunsa ɗigo biyu ne a ƙarƙashin ɓawo, haske da duhu kawai suke bambancewa. Zamansa cikin ƙasa mai laima, ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen ganye da gindin suri, yana cin ƙwan gara da na tururuwa. Ruwa ne kan koro shi waje.

Malam bai tsaya nan ba, wai akwai danginsa, Indotyphlops braminus, 'yan asalin kudancin Asiya, da suka zaga duniya cikin ƙasar tukwanen furanni. Dukkansu mata ne, suna yin ƙwai ba tare da namiji ba. Uwargida ta dubi wandona ta ce ta gane dalili.

Yanzu yaran unguwa Sarkin Macizai suke kirana, suna riƙe ƙugu. Idan ka ɗaga randa ka gan shi, ka mayar da randar inda take, gara yake rage maka.