Yadda Ake Hawan Keke a Dajin Mora Ba Tare da An Yi Kuka a Gaban Yara Ba

Ba zan ɓata muku lokaci da batun duba birki ko ɗaukar gorar ruwa ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Meme ko Tokombere a watan Afrilu ya riga ya sani, wanda bai sani ba kuma rana za ta karantar da shi kyauta. Waɗannan shawarwari namu ne, mu da muka shigo gari makon jiya muna jan keke da hannu.

Na ɗaya: ka nemi sulhu da tsidau. Ƙarangiya dai wando take kamawa, ƙayar aduwa kuma kana hango ta ka kauce. Tsidau kuwa kwanciya yake yi a ƙasa, ko ta ina ka juya shi tsininsa sama yake kallo. Ba ya fasa taya da ƙara yadda za ka san an cuce ka. A'a, sai ya bari ka yi nisan da komawa da ci gaba duk wahala ɗaya ce, sannan iska ta yi maka sallama. Ka kai wa mai faci, ya tsoma tif a ruwa, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ai ba sauran inda za a manna faci, sai dai a kan wani facin." Alhajin nan ma cikin kuɗin aiki yake.

Na biyu: idan ka iso busasshen mayo, wato rafi, sauka ka tura. In yara sun taru, durƙusa kamar kana duba sarƙa.

Na uku: Dutsen Mora. Jamusawa ƙarƙashin Kyaftin von Raben sun hau kansa a 1914, sojojin Ingila da Faransa suka kewaye su da igwa, amma ba su sauko ba sai Fabrairun 1916. Wurin da dauloli biyu suka yi fama da shi, kai za ka tunkara da keken Phoenix marar giya da kunun safe? Haka ma hawan Ujila. Kalle shi daga ƙasa, ya fi kyau.

Na huɗu: da damina ka guji ƙasar karal, wato baƙar ƙasa mai laka. Masakwa take so, ba taya ba.

Na biyar shi ne a haƙura da keke a ari mota, to a nan ne fa. Ka sha zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, a bakin titi, wanda tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ya daina araha amma bai daina datti ba. Mota ta fara tari. Ka buɗe bonet, nan take mutum goma su zama injiniyoyi: wannan ya ce filogi, wancan ya ce batir, wani dattijo ya ce a zuba ruwa a lagireto. Bakanike ya zo, ya kwance kafireta, ya hura da baki, ya ɗaura, noti biyu suka yi saura a hannunsa. "Ranka ya daɗe, waɗannan kamfani ne ya sa su don ado." Don ado! Jama'a, a wace duniya ake yi wa inji kwalliya da noti? Da wannan motar ake so in kama hanyar Waza da Dabanga zuwa Kuseri?

Safaya taya kuma a duba ta kafin a fita. Za a tarar ba iska. Jak ɗin yana wajen maƙwabci.

Na shida ko na tara, duk wanda muke kai, ya shafi shafa wa sarƙa baƙin mai, amma bar shi kawai. Kasuwar Mora ranar Lahadi take ci. Ku je da wuri ku taya jaki: ba ya faci, ba ya shan zuwa-zuwa, in kuma ya ƙi tafiya, ba wanda zai ce maka filogi ne.