Sarkin Zuma na Bayan Taga

A unguwarmu a Zariya, in aka ce "Malam mai zuma", ni ake nufi. Sunan ya bi ni masallaci, ya bi ni teburin mai shayi, ban kuma taɓa buɗe baki na gyara wa kowa ba. Yau zan sauke kayan nan in huta. Shekara uku ke nan da akwatin zuma a bayan gidana, kuma sau ɗaya tak hannuna ya taɓa shi, ranar da kafinta ya kawo shi babu kowa a ciki. Tsoron ƙudan zuma nake yi, irin tsoron da ke sa gwiwa ta yi sanyi. Abin da ya fi tsoron muni shi ne maganin da na samo masa: da zarar cikina ya ɗuri ruwa, sai in fara lacca.

Lambun maiɗakina ne mafarin abin. Ta tara gwangwanayen fenti da tsofaffin tayoyi a tsakar gida, ta shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a, ga lalle a kusurwa, ga zogale biyu, ga kabewa ta haye katanga, ga kuma fulawoyin ado da take sayowa a bakin titi. Damuwarta ɗaya, kabewar tana fure sosai amma 'ya'yan sai su yanƙwane su zube tun suna kamar ƙwan kaza. Nan na gyara zama na yi mata bayani cewa kabewa furen namiji daban take yi, na mace daban, kuma sai ƙwaro ya ɗebo garin wannan ya kai wa wancan kafin ɗa ya kama. Ta saurara har na gama, ta ce, "To Abban yara, ai sai ka kawo mana ƙwaron." Bakina ne ya ja mini.

Na sa aka ƙera mini akwati irin na Kenya, mai sanduna jere a sama, kowace sanda faɗinta milimita 32, daidai yadda zumarmu ta Afirka ke jera saƙarta. Aka goga musu kaki, aka ɗora akwatin a kan ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Damina na ɗaukewa sai ga baƙi sun shiga da kansu, ba wanda ya gayyace su. Daga ranar na daina bin bayan gida. Ko tsintsiya ce ta faɗa can, yaro nake aika.

A majalisa kuwa ba a kama ƙafata. Ni ne mai faɗa musu cewa ƙwan da za a yi sarauniya da shi kwana 16 yake yi ya fito, na ma'aikaciya 21, na namiji 24. Ni ne mai labarin Langstroth, limamin cocin nan na Amurka da ya gano a 1851 cewa in aka bar wa zuma 'yar rata daidai wucewarta, ba ta toshe ta da ɗanko, ba ta kuma cike ta da saƙa, wanda daga nan aka samu akwatin da ake zare saƙa a mayar. Ni ne mai tashi tsaye ina karkaɗa ƙugu don in nuna rawar da zuma ke yi wa 'yan uwanta in ta samo fure, rawar da Karl von Frisch ya warware ma'anarta har ya samu kyautar Nobel a 1973. In wani ya ce, "Malam, ba sa harbinka kuwa?" sai in yi murmushi in ce, "Ai ba a shan zuma sai an sha harbi." Karin maganar gaskiya ce. Labarin wani ne dai, ba nawa ba.

Rigar aikin na saya, fara fat, da hularta mai raga, na rataye ta a ƙusa a ɗakin ajiya. Kullum da uzurina. Yau akwai iska, gobe rana ta yi zafi, jibi hadari ya haɗo, gata Juma'a ce. Da uzurin ya ƙare sai na koma tarihi. Na gaya wa maiɗakina yadda wani masani, Warwick Kerr, ya kai zumar Afirka ƙasar Barazil a 1956, wasu suka kuɓuce a 1957, jikokinsu suka yi ta bazuwa har suka isa Texas a 1990, mutanen can suna kiran su makasa. Na ce dangin zumarmu ne, saboda haka hankali ake bi da su. Ta ɗago daga ban ruwan da take yi, ƙudan zuma uku na shawagi a kan hannunta, ta ce, "Barazil ɗin a bayan gidan nan take?"

Akwatin da ba a buɗewa cika yake yi, in kuwa gida ya yi wa zuma kaɗan, rabuwa take yi. Na san wannan sarai. Na san ma'aikata kan gina wasu ɗakuna masu kama da ɓawon gyaɗa a gefen saƙa su reni sababbin sarauniyoyi, su rage wa tsohuwar abinci har ta saɓe ta iya tashi, sannan wata rana ta fice da kusan rabin jama'arta. Abin da ban sani ba shi ne yadda ƙarar take a kunne. Wata Asabar ce a watan Nuwamba, da hantsi, na ji kamar an tada injin markaɗe a bayan ɗaki. Kafin in miƙe tsakar gida ta yi duhu. Cikin minti kaɗan suka sauka a kan reshen lallen maiɗakina, suka dunƙule suka rataya kamar gemun dattijo, girman tulu, reshen ya sunkuya.

Yara suka rugo suna ihu, "Abba, zumarka ta gudu!" Abban kuwa tuni ya sa sakata. Ta ragar taga na fara karantar da su. Na ce kada kowa ya firgita, zumar da ta taso ƙaura cikinta cike yake da guzuri, ba ta da gida ko 'ya'yan da za ta kare, ba kasafai take harbi ba. Na ce su duba bayan dunƙulen za su ga wasu na rawa, su ne 'yan leƙen asiri da suka je neman kogo suka dawo, kowace na tallan wurin da ta gani, kuma wani masani a jami'ar Cornell, Thomas Seeley, ya yi shekaru yana nazarin yadda suke shawara har bakinsu ya zo ɗaya. Duk gaskiya na faɗa. Ƙaramar 'yata ta ce, "To Abba, ka fito mana."

Da ban fito ba. Sai dai maƙwabta sun taru a ƙofa, wani da kwalbar fiya-fiya, wani yana cewa a kawo fetur da ashana, kowa kuma yana tambaya ina Malam mai zuma. Kunya ta fi ƙarfin tsoro. Na sauko da rigar daga ƙusa, na zura safar hannu, na sa takalmin roba na damina, na naɗe wuyan hannu da idon sawu da salatif, na fito kamar mai shirin zuwa duniyar wata. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya. Saura kamar taku uku in isa lallen sai na ji "zzzz" a cikin hular, dab da kunnena na hagu.

Ban san ina da wannan gudun ba. Na bi ta kan ɗoɗɗoya, na yi ƙwallo da gwangwanaye huɗu, na yi tuntuɓe da tayar da fulawar da ta fi so take ciki, na kife, gwiwata ta daki bulo. Ina kwance ina salati ina marin kaina, 'yar tawa ta zo ta zuge hular. Wani abu ya fito a gajiye ya sauka a bakin bokiti yana goge hannuwa. Ta leƙa shi, ta ce, "Abba, ƙuda ne. Na bola." Dunƙulen zumar ko motsi bai yi ba.

Maiɗakina ce ta buga wa Kawu waya. Da la'asar ya iso daga ƙauyenmu ta wajen Giwa, a kan babur, da amya ɗaure a baya, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a yaɓe da kashin shanu a turara. Riga ce kawai a jikinsa da hula. Ya zagaya lallen ya ce, "Sarkin na tsakiya." Daga bakin ƙofar ɗaki na fara gyara masa cewa mace ce, tun 1609 wani Bature a Ingila, Charles Butler, ya rubuta haka. Kawu bai ko waiwayo ba. "Ɗan nan, ko sarki ko sarauniya, zo ka riƙe min amyar nan." Na ce gwiwa. Maiɗakina ta yafa mayafi ta je ta riƙe.

Ya kunna busasshen kashin shanu, ya kaɗa hayaƙin kaɗan, ya daidaita bakin amyar a ƙarƙashin reshen, ya girgiza shi sau ɗaya da ƙarfi. Dunƙulen ya faɗa ciki tim, kamar an juye tuwo a akushi. Wasu suka tsaya a bakin amyar suka ɗaga bindi suna fifita da fukafukai, na sama suka yi ta sauka suna shiga. Na san ƙamshi suke watsawa don kiran 'yan uwansu, har sunan gaɓar da ke fitar da shi na sani, na kuma faɗa da ƙarfi yadda za a ji daga nesa. Biyu suka harbi Kawu a hannu. Ya kankare ƙarin da farce, ya shafa hayaƙi a wurin, ya ci gaba da aikinsa. Bayan magariba ya toshe bakin amyar, ya tafi da rabin zumata zai rataye a ɗorawar gonarsa. Kafin ya hau babur ya ce in janye akwatin daga kusa da katangar maƙwabcin da ke ɗaure tumaki, don dabbar da ke a turke ba ta da wurin gudu. Wannan ba ya cikin littattafaina.

Kwana goma na yi ina ɗingishi. Duk wanda ya tambaya a majalisa sai in ce, "Aikin zuma ne." Ƙarya ban yi ba, gaskiya kuma ban faɗa ba.

Yanzu Kawu ke zuwa da dare a watan Maris, bayan mangwaro da ɗorawa sun yi fure, ya yanke saƙa ya bar musu rabonsu. Maiɗakina ke cika musu kasko da ruwa ta zuba tsakuwa don kada su nutse, kada kuma su dami randunan maƙwabta. Ita ta lura cewa fulawoyin bakin titi masu ɗaukar ido ba su dame su ba, ɗoɗɗoya da zogale suke so, da furen kabewa da sanyin safiya kafin ya rufe. Kabewar ta daina zubar da 'ya'ya, bana har kyauta muka yi. Ni aikina shi ne ɗura zumar a kwalba da karɓar yabo.

Akwai mai tsoro da hujja, wanda harbi ɗaya ke kumbura shi har numfashi ya yi masa wuya, shi kam a garzaya da shi asibiti ba a jira. Ni ko wannan hujjar ba ni da ita, don har yau zuma ba ta taɓa harbina ba. Ba ta samu dama ba.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana ka ga zuma ta dunƙule a bishiyar gidanka, kada ka ɗauko fiya-fiya, kada ka ɗauko wuta. Baƙuwa ce a kan hanya, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki za ta yi ta wuce. Ka janye yara da dabbobi, ka nemo mai amya ya zo ya ɗauke ta. In kuma ni ka kira, zan yi maka bayani dalla-dalla, amma ta waya.