Gamsasshen Bayani a Kan Hukuncin Sabon Gem

Ka sani, ya kai mai neman sani, ilimin gem a yammacin Kano ya kasu gida uku: sanin na'ura, sanin yatsa, da sanin wanda zai biya. Na ukun ne tushe. A yawancin shagunan gem da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, ka'idar ita ce wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa, wanda ya ci kuma ya gyara zama a kan benci. Duk wanda bai fahimci wannan ba, to ya ja bakinsa ya yi shiru idan manya na magana a kan gem ɗin ƙwallo na PES.

Mas'alar na'ura ba ta da tsawo. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a farkon 2013. Labarin dainawar bai iso wasu shagunan ba tukuna, kuma ba a ga dalilin gaggawar kai shi ba. An yi PlayStation 3, an yi 4, ta 5 ta fito a Nuwamban 2020, duk masana sun san da su. Sai dai ana auna na'ura ne da ƙurar hunturu da ƙarfin ƙaramin janareta, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan da amsar da mai gyara zai bayar idan an kai masa ita Kano. Game da Xbox ta Microsoft kuwa, ra'ayi mafi rinjaye shi ne akwai ta.

Saɓani mai zurfi yana wajen yatsa. A PES na kamfanin Konami, maɓalli mai kusurwa huɗu ne ke buga ƙwallo raga, mai zagaye kuma ya ɗaga ta. A FIFA na kamfanin EA an juya abin. Saboda haka idan ɗan mazhabar PES daga Getso ya je ziyara Garo aka miƙa masa hannun FIFA, zai kwashe 'yan baya kaf, ya tsaya daga shi sai gola, sannan ya ɗaga ƙwallo cikin ladabi zuwa kusurwar fili inda babu kowa. Ana iya sauya maɓallan a cikin saiti, amma mai yin haka a gaban jama'a ya riga ya faɗi da bakinsa cewa shi baƙo ne.

Daga nan muke shiga babbar mas'ala: da me ake hukunta gem na bana idan an kwatanta shi da na bara? Marubutan Ingila da Amurka sun ce da sabon abin da ya zo da shi. A 2020 wani mai sharhi na shafin IGN ya ga FIFA 21 na Nintendo Switch bai bambanta da na bara ba sai riguna da sunayen 'yan wasa. Haushi ya sa ya kwafo sharhinsa na bara ya sake liƙawa, ya ba gem ɗin maki 2 cikin 10. Masanan Kabo sun yi nazarin wannan hukunci, suka gano cewa abin da mutumin ya kira aibi shi ne gaba ɗaya abin da ake nema. Shekara da shekaru ana sayen faifan PlayStation 2 da wasu bayin Allah suka yi wa kwaskwarima: wasan na da ne, an dai mai da kowane ɗan ƙwallo kulob ɗin da ya koma. Ba a taɓa jin wanda ya mayar da faifan don an cuce shi ba.

Hujjarsu tana da ƙarfi, ni ma a nan na tsaya. Gwanin da ya shekara goma yana koya wa babban yatsansa daidai lokacin sakin ƙwallo ya tara jari, kuma jarin nan ne ke hana hannunsa shiga aljihu. Sabon gem da ya sauya nauyin ƙwallo ko saurin gudu tamkar canjin kuɗin farkon 2023 ne: dukiyarka na nan a hannunka, amma ba mai karɓa. Ranar sai ka ga yaro ɗan aji biyu, wanda bai san komai ba balle ya manta, ya zura wa sarkin shago uku. Yaron ya ce, “Yaya, a ƙara?” Sarki ya ce, “Hannun nan ya lalace, ƙane, kira mai shago.” Bincike ya tabbatar da cewa hannun gem ba ya lalacewa sai a hannun wanda ake ci.

Konami da kansa ya gwada ɗaya hanyar. A ranar 30 ga Satumban 2021 ya ajiye sunan PES, ya fito da eFootball 2022 a kan sabon gini, fuskokin 'yan wasa suka fito kamar an tashe su daga barci, har sai da kamfanin ya ba da haƙuri. EA ya fi wayo: da suka rabu da hukumar FIFA, a 2023 ya sauya suna zuwa EA Sports FC 24, ya bar yatsun mutane a inda ya same su.

Akwai togaciya guda. Ana karɓar sauyi idan zai kawar da zalunci bayyananne, kamar Adriano na Inter Milan a PES 6 na 2006, wanda aka ba ƙarfin bugu 99, yana iya cin gola daga inda ya ga dama. Wannan ma ba a jira Konami ya gyara ba. Kafin a kunna wasa ake yanke cewa ba mai ɗaukar Inter, in kuwa an yi gardama, kowa ya ɗauke ta, a buga Inter da Inter, wanda Adrianonsa ya gaza ya biya.