Shaidar da Na Saɓo a Kafaɗata

A shekarar 1998, shekara biyu bayan an yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, lokacin da ba a ganin biki ko walimar saukar Alƙur'ani ta cika a Gusau sai da mai kyamarar bidiyo, ina cikin masu wannan sana'a, har wautar ƙuruciya ta sa na zaci hikimar da ke cikin na'urar a kaina take. Wata rana na kalli kaset na mutanen Amurka, inda talotalo yake tsuntsun daji, ana laɓe masa a gindin itace ana kwaikwayon kukan macen har ya kawo kansa. Nan take na ƙudura niyyar yi wa maharbanmu irin wannan hidima, ko da a kan zabin daji ne.

Bayan sallar asuba, cikin hunturu, na haɗu da wasu maharba na wajen Tsafe a gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, su da karnuka da bindigogin toka, ni da kyamara mai nauyin ɗan akuya. Tsohon da ke jagorantarsu ya ce, "Yaro, sharaɗi ɗaya ne: daji ba ya son surutu." Na ce, "Na ji, Baba." Amma da yake hali zanen dutse ne, da garken zabi ya ɓullo, kowa ya ɗauke numfashi, sai bakin nan nawa da ya saba da gidan biki ya ɗaga murya ya ce, "A ɗan matso wajen haske!" Zabi suka tashi fir, suka bar mu da ƙura.

Da hantsi ya ɗaga, ina neman abin da zan wanke laifina da shi, sai na hango ta madubin kyamara wani ƙaton tsuntsu ya baza wutsiya kamar mafici, yana taƙama a bakin wata gona. Na raɗa wa Baba cewa ga talotalon daji, irin na Amurka sak. Ya ce shekara arba'in yana shiga dajin nan bai taɓa ganinsa ba. Na ce ai ilimi kogi ne. Ya yi bisimilla ya ɗana, kuma kafin hayaƙin albarushi ya washe sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan dangar kara tana salati, domin ita ta yi wata takwas tana kiwonsa, tana jiran masu sayen Kirsimeti.

A gaban mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan kallo ne kurum." Liman ya ce tun da akwai bayyina, rantsuwa ba ta taso ba. Aka nemo talabijin da janareta, gari ya taru, sai ga tsuntsu ya cika fuskar akwatin, da jan ƙyallen da mai shi ta ɗaura masa a ƙafa, wanda ni kaɗai na jawo kusa kuma ni kaɗai ban gani ba, sa'an nan ga muryata tangaram tana cewa, "Harbe shi, Baba, na daji ne, ni na sani!" Sau uku jama'a suka nemi a maimaita, abin da ba a taɓa yi wa wani aikina ba.

Aka hukunta mini biyan kuɗinsa, na biya. Da na miƙa hannu in ɗauki naman, liman ya tunatar da ni hukuncin da ke cikin Risala, cewa dabbar gida ba ta halatta da abin da ke halatta ta farauta, sai da yanka. Saboda haka mushe na saya, karnukan Baba suka yi walima. Kaset ɗin ma tsohuwa ta riƙe, wai don ta riƙa tunawa da marigayi. Tun daga ranar, duk sa'ad da mai wa'azi ya ambaci Raƙibu da Atidu, ni nake riga kowa a sahu yin gumi.