Yadda Za Ka Kai Karenka Kalaba Daga Kano, Ya Isa Da Ƙafafunsa Huɗu

An yi maka sauyin wurin aiki zuwa Kalaba. Ka kama haya a can, ka ɗaure kayan ɗaki, ka yi sallama da 'yan majalisa. Saura Durwa, karen da ya daɗe yana tsare maka ƙofa, wanda yara suka rantse in babu shi su ma ba inda za su. Mai hankali zai bar wa maƙwabci shi, ya tsawatar wa yara, magana ta ƙare. Waɗannan shawarwari na wanda yara suka riga suka fi ƙarfinsa ne.

Ka sani tun yanzu, karen ba shi ne wahalar tafiyar ba. Tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, kuma duk jihar da ka shiga sai idon da ake kallon Durwa da shi ya sauya. A Kano ƙyamarsa ake yi. A Filato kuɗinsa ake ƙiyastawa. Can gaba kuma akwai inda ake yaba ƙibarsa. Shi dai yana nan yadda yake, da harshe a waje. Mutane ne aikinka.

Fara da Hajiya. Kada ka bari ta ji a bakin yara. Ka je da kanka bayan la'asar, ka durƙusa, ka gaishe ta, ka yi zancen gidan da ka kama da tsadar shinkafa, sannan ka sako maganar a hankali. Za ta ce, "Kare? A cikin mota? Da jikokina?" A nan ne karatun zauren da ka yi zai yi rana. Ka tuna mata cewa malamai sun halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa wa baki ce ake wankewa sau bakwai. Ka kawo Ashabul Kahfi da karensu da ya kwanta a bakin kogo. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zai sauya ra'ayinta ko da ƙwayar zarra ba. Za ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ƙara da cewa kada a sake ya kusanci buta. Wannan izini ne. Tashi ka tafi kafin ta sake tunani.

Daga nan sai asibitin dabbobi. Allurar haukan kare wajibi ce: ana fara ta tun yana ɗan kwikwiyo mai wata uku, ana maimaitawa duk shekara, kuma cutar in ta bayyana a jikin mutum ko dabba, kusan babu mai tashi. Ka yi ta makonni kafin ranar tashi, ka karɓi kati mai hatimi, ka adana shi tare da takardun mota. In ka duba kwalbar ka ga an rubuta Vom, to daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, wadda ke can kusa da Jos tun 1924, kuma ta gefenta za ku wuce. Ka sa likita ya ba Durwa maganin tsutsar ciki da na kaska. Kada ka ba shi farasitamol ɗinka wai don ya yi barci a hanya. Maganin mutum kan kashe kare.

Batun mota kuwa, cire ranka daga tasha. Babu ɗan kamashon da zai sayar maka da kujera biyu, ɗaya taka ɗaya ta Durwa, kuma ko ya sayar, fasinjoji za su sauka. Kada ka jefa shi bayan babbar motar kaya tsakanin katifa da firji, zafi zai gama da shi kafin Kwanar Ɗangora. Motarka za ku shiga. Ka je wurin mai walda ya yi maka keji wanda kare zai iya tsayawa da juyawa a ciki, ka shimfiɗa tsohon buhu, ka ɗaure kejin a inda iska ke shiga. Mai waldar zai tambaye ka ko na kaji ne. Ka ce eh.

Sai horo. Karen gidan Bahaushe abu ɗaya ya sani game da mota: ana bin ta da haushi har ƙarshen layi. Bai taɓa tunanin tana da ciki ba. Mako guda kafin tafiya ka riƙa saka shi kuna zaga unguwa da yamma, ka saba masa da sarƙa a wuya, wadda ka rubuta lambar wayarka a jikinta. Zai yi amai. 'Yan majalisa za su miƙe tsaye su kalle ku. Wani dattijo zai tare ka a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Ka ce lafiya lau, Baba, ka wuce.

Ranar tashi, ka ba shi abinci kaɗan tun kafin asuba, ko ma ka bari sai kun yada zango. Cikakken ciki da ramukan hanya ba sa shiri. Ka cika jarka biyu da ruwan gida, ka ware masa kwanonsa, ka yi wa kwanon alama da jan fenti, domin in ya haɗu da kwanon uwargida a cikin but, tafiyar ta ƙare a nan. Buta da darduma su zauna a gaba. Ku bi ta Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore da rana tsaka, ku faɗa Saminaka, ku hau Jos. Duk awa biyu zuwa uku a tsaya ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, kuma a saka sarƙar kafin a buɗe ƙofa. Kare ne na Hausa, jininsa na farauta ne. In ya hangi zomo a Falgore, zai manta da kai da Kalaba da tuwon da ka ciyar da shi.

Kare ba ya gumi yadda muke yi, da haki yake fitar da zafi. Saboda haka kada ka kulle shi a mota ka tafi sallah ko cin abinci, ko da minti goma ne. Mutum ɗaya ya zauna da shi a inuwa, a yi sallah bi da bi. Kuma a kafa wa yara doka kan abin da za su miƙa masa ta cikin keji. Albasar da ke kan tsire tana lalata masa jini. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Cakulan guba ne. Goro ma haka, don sinadarin da ke hana direba gyangyaɗi shi ne ke birkita zuciyar kare. In direbanka mai kyauta ne, ka gaya masa tun a gida: "Malam direba, ka ci goronka kai kaɗai."

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a nan Durwa zai fara jin sanyin da bai taɓa ji ba, ya kuma ga mutane suna kallonsa ba tare da sun tsartar da yawu ba. Kada wannan ya ruɗe ka. A Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke akwai babbar kasuwar karnuka, inda ake loda su a manyan motoci zuwa Kuros Riba da Akwa Ibom. Wato hanyar da kake bi, dubban 'yan'uwan Durwa sun riga shi bin ta, sai dai babu wanda ya yi musu kati. In wani ya leƙo ta taga ya ce, "Nawa?", kada ka ɓata rai. Sana'arsa ce. Kafin ka ce tir, tambayi kanka daga ina karnukan nan suke fitowa. Da yawansu daga ƙauyukanmu na can arewa ake tattaro su. Mu da ba ma yarda kare ya taɓa mana riga, kuɗinsa dai ba ya karya mana alwala.

A gangaren Hawan Kibo ka riƙe birki da hankali, ka tabbata kejin a ɗaure yake, in ba haka ba za ka tarar da Durwa a kusa da giya. Daga Akwanga sai Lafiya.

Shingaye kuwa ba sa ƙirguwa: masu baƙin kaya, masu kakin soja, masu duba lafiyar mota, da wasu samari masu katako mai ƙusoshi waɗanda ba ka san wa ya aiko su ba. A nan za ka gane kare yana da amfanin da ba ka lissafa ba. Jami'i zai ce, "Buɗe but." Ka ce, "Yallaɓai, akwai kare a ciki." Rabinsu za su ja da baya su ɗaga maka hannu. Sauran rabin za su ce ina takardarsa, suna murmushin wanda ya kama ɓarawo. Sai ka zaro katin nan mai hatimi. Kada ka yi dariya in ka ga fuskarsa ta sauya. Dariya a shinge tana da farashi.

Kwana ya kama ku a Lafiya ko Makurɗi, kada ku yi tafiyar dare. Masauki ba zai karɓi kare a ɗaki ba, kada ma ka tambayi mai rajista. Maigadi za ka nema, kuma sau da yawa ɗan gida ne. Ka gaishe shi da Hausa, ka tambayi garinsu, ka ce, "Ɗan'uwa, ga abokin aikinka na kawo maka." Ka ɗaure Durwa kusa da bencinsa, ka ba maigadin na shayi. Daren nan maigadi zai yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Da safe ku ƙetare kogin Binuwai. Tsohuwar gadar Makurɗi, wadda layin dogo ya bi ta kanta, tun 1932 take. Nuna wa yara, Durwa ba ruwansa. Sai Gboko da masana'antar siminti da tulin doya da lemo a bakin hanya, sai Katsina-Ala, wadda ba ta haɗa komai da Katsinar Dikko ba sai suna, kada ka tsaya neman hasumiyar Gobarau. Daga Ogoja ƙasa za ta fara rufewa. A Ikom ga koko ga ayaba, iyakar Kamaru na nan kusa. Ugep, Akamkpa, gonakin roba da na kwakwar manja, itatuwan da ba a ganin ƙarshensu. A wannan yanki ka rage tsayawa a bakin rafi da cikin duhuwa, saboda ƙudan tsando yana sa wa kare sammore yadda yake sa wa shanu. In kun kai mahaɗar Odukpani, kun iso.

Wane lokaci ya fi? Hunturu, don sanyi da busasshiyar hanya. Amma ka tuna tun 2004, zamanin gwamna Donald Duke, watan Disamba na bikin kanibal ne a Kalaba: gari ya cika, masauki ya yi tsada, ganguna da wasan wuta har asuba. Karen da bai san ƙarar da ta wuce ta injin markaɗe ba zai tsinke sarƙa. Ka bari sai Janairu.

To, an zo bakin teku. Wato an zo kusa. Kalaba tashar jiragen ruwa ce a bakin kogi, ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a rana, bakinsa laka ne da sarƙaƙiyar itatuwa. Mai son ganin igiyar ruwa da farin rairayi sai ya ƙara gaba zuwa Ibeno a Akwa Ibom. In ka kai shi can, Durwa zai yi wa igiyar haushi, ta ja da baya, ya ɗauka shi ya kore ta, ta dawo ta jiƙa shi. Zai sha ruwan gishiri ya yi zawo, don haka ka tafi da jarkarka. Zai tura hanci cikin ramin ƙaguwa sau ɗaya tak.

Abin da zai dame shi da gaske ruwan sama ne. Kalaba tana samun kusan milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa ba ta cika haura 1,000 ba. Ka yi masa ɗaki mai rufi da katako a ƙasa, ya daina kwana a kan rairayi, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a irin wannan ƙasa, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru. Ka riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Ƙanzo da tuwon jiya sun ƙare, sai teba da kan kifi. Ka cire ƙaya. In kewar gida ta kama ku, ku gangara Bogobiri, unguwar Hausawa, inda ake tsire kuma ake jin "sannu da zuwa". Durwa ya jira a mota, da mai tsaronsa, taga a buɗe.

Saura maganar da kowa ya yi maka raɗa a kanta tun a Kano. Eh, a Kalaba akwai masu cin naman kare, sunansa 404, sunan tsohuwar Peugeot ɗin nan, wai saboda gudu. Ba kowa ke ci ba, masu ci kuma saye suke yi da kuɗinsu, sannan za ka ga gidajen da ake yi wa kare wanka da sabulu ana kai shi asibiti, gatan da Durwa bai taɓa gani a hannunka ba. Duk da haka kada ka bar shi yawon dare yadda ya saba a layinku. Makonni biyun farko a ɗaure, har ya san gidan. Bayan nan ma ƙofa a rufe. Ka zaga da shi ka gabatar da shi ga maƙwabta da sunansa, domin abin da aka san sunansa yana da wuyar shiga tukunya.

In maƙwabci ya tsaya ya dube shi daga kai har wutsiya ya ce karen nan yana da lafiya, ka yi godiya, ka ce ai ba ya rasa magani, jiya ma allura uku aka yi masa. Ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan katanga ma zai ji.