Butik ɗin Kayan Ado na Aikin Hannu da Halayen Masu Shigarsa

Butik ɗin kayan ado wani ɗan shago ne da ake sayar da sarƙa da ɗan kunne da awarwaro da zobe waɗanda aka ƙera da hannu, bisa sharaɗin cewa mai saye ba za ta taɓa haɗuwa da maƙerin ba. Ana samunsa a unguwannin da bishiyoyi suka fi masu tafiya a ƙasa yawa, irin su Maitama da Wuse 2 a Abuja, da Nasarawa a Kano, da Filato a Yamai. Abubuwa uku ne suka raba shi da sauran shaguna: ƙofar gilashi, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarancin kaya. Na ukun shi ne ginshiƙin sana'ar. A kasuwa, alfaharin mai rumfa shi ne kaya su cika har su toshe hanya. A butik kuwa zobe ɗaya ake ware wa kanta guda, a haska masa fitila, ya zauna shi kaɗai kamar sabon hakimi.

Kayan suna da asali mai daraja, ko da yake ba a cika ba da tarihinsa ba sai in mai sayen Bature ne. Azurfar galibi aikin maƙeran Buzaye ce, musamman na Agadas, masu shahararren abin wuyan nan da ake lissafa irinsa 21 a Nijar, kowanne da garin da ake jingina shi gare shi, kamar Agadas da Tawa da Ingal da Damagaram. Maƙeri yakan fara siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Ba a fito da abin sai an fasa yumɓun, shi ya sa ba a samun biyu masu kama ɗaya sak. A da, cikin abin da ake narkarwa har da tsabar kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa, wadda ake buga wa shekarar 1780. Duwatsun wuya da ƙarau na gilashi kuwa sukan fito daga unguwar Masaga ta Bida, inda ake narkar da kwalabe a mayar da su ado. Saboda irin wannan sana'a da ta tagulla ne UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen fasahar hannu a 2021. Ragowar kayan, kasuwar Kurmi ce uwarsu, wadda ke ci a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Muddin kayan suna Kurmi, a kan tire, ƙura na sauka a kansu, sunansu kayan kakanni. Mace mai ji da kanta in hanya ta biyo da ita ta wurin, takan ɗaga awarwaro da yatsu biyu, ta taɓe baki, ta taya rabin abin da aka faɗa. A ce mata albarka, ta juya tana tafiya a hankali don a samu damar kiran ta. Duk wata 'yar karkata da ta gani a zanen, aibi ce da za a rage kuɗi dominta.

Daga Kurmi zuwa butik ɗin Nasarawa ba nisa a mota, amma a hanyar ne ake yi wa kaya naɗin sarauta. Da farko a wanke a goge. Sai a shimfiɗa shi a ɗan akwatin kwali mai laushin ciki, wanda sau da yawa shi ne kaɗai abin da ya fito daga ƙasar waje a duk cinikin. Sai a maƙala masa kati, a rubuta da Turanci cewa aikin hannu ne kuma babu irinsa. Daga ƙarshe a ɗauke shi hoto a gefen kofin shayi da furen roba, a ɗora a Instagram, ba tare da farashi ba. Mai so sai ta tura saƙon sirri, a fara duba hotunanta a ga irin motar da take jingina da ita, kafin a ba ta amsa. Karkatar nan da ta jawo ragi a Kurmi tana nan ba ta gyaru ba, sai dai yanzu ita ce shaidar cewa hannun ɗan Adam ne ya yi aikin, kuma ana cajin kuɗinta daban.

A butik ba a ciniki. Wannan doka tana da nauyi a kan al'ummar da ke neman ragi ko a wurin mai ƙosai, saboda haka masu shiga suka ƙirƙiro hanyoyin janyewa cikin mutunci. Wadda ta juya katin ta ga kuɗin ba ta cewa ya yi tsada, domin faɗin haka tonon asiri ne. Cewa take, "Babu mai jan dutse?" bayan ta tabbatar da idonta cewa babu. Wata ta latsa waya ta ce tiransifa ta ƙi tafiya. Wata ta ce Alhaji bai ɗaga ba. Mafi yawa dai "bari in je in dawo" suke cewa, kuma yarinyar shagon takan amsa da "sai kin dawo, Hajiya," alhali su biyun sun san sallamar ke nan har abada.

Masu saye da gaske ba su da yawa. Akwai matar babban mutum da ta ga irin abin a wuyan wata Baturiya a Landan, ta dawo tana cigiyarsa, ba ta san ta sha wuce shi a bakin hanya da gilashin mota a rufe ba. Akwai ma'aikaciya mai cin gashin kanta, wadda ke son abin don ya yi mata kyau kawai, kuma dangi suna yi mata addu'ar shiriya. Maza ma sukan leƙa, tunda shari'a ta hana su gwal ta bar musu zoben azurfa, sai dai yawancinsu sun fi son a ce daga Madina aka kawo musu shi tsaraba. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne magidancin da ya sayi sarƙar butik don ya burge matarsa. Za ta buɗe, ta yi murmushi, ta yi godiya, sannan ta jefo tambayar da babu amsarta a jikin kati: "Giram nawa ce?"

Nan ne butik yake cin karo da tsohuwar aƙida. A wurin matan Hausawa da yawa, abin wuya ado ne da rana, asusu ne da dare. Gwal shi ne kuɗin makarantar yara in abubuwa suka cuɗe, shi ne jarin sana'a in aure ya ƙi, shi ne cikon kuɗin kujerar Makka. Matar da ta bar lissafi tun aji uku ta san karat 24 shi ne tsantsa, ta san 18 kashi uku cikin huɗu ne kawai gwal, kuma tana bambanta na Dubai da na Saudiyya da na Italiya daga ɗaya ƙarshen zauren biki. Lokaci ɗaya ne a shekara gwal yake komawa ado zalla, wato in an zo maganar zakka, domin a mazhabar Malikiyya abin da mace ta tanada don kwalliya ba a fitar masa. A irin wannan lissafi, wahalar da maƙeri ya sha a gaban zuga-zugi ba ta hawa sikeli.

Babbar jarrabawar kayan butik ita ce ranar kai lefe. An shimfiɗa darduma, an jera akwatuna, wata mai murya tana ɗaga atamfa da leshi ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Sai a zo kan ɗan ƙaramin akwatin ƙarshe, ɗaki ya yi tsit. A miƙa wa gwaggon amarya sarƙar. Ta ɗora ta a tafin hannu ta jinjina, ta goga a bayan hannunta, ta kai ta saitin taga, ta hango lamba 925 a jikin maƙullin. Wata 'yar boko ta yi mata bayani cewa ma'anarsa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "To madalla. Ina na gwal ɗin?" Dangin ango su ce ai wannan aikin hannu ne, kuɗinsa ya kusa na gwal. Gwaggo ta ce, "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Kafin la'asar labari ya gama dangi cewa ango ya kawo ƙarfe. Ita gwaggon tana da munduwar azurfa ta mahaifiyarta a ƙasan adaka, wadda ta fi wannan nauyi da kyan zane, amma ba ta taɓa lissafa ta cikin dukiya ba.

A wurin biki ma abin yana da nasa wahalhalun. Gwal yana faɗin kuɗinsa da kansa, aikin hannu kuwa sai mai shi ta taimaka masa. Shi ya sa za a ji ta tana cewa, "Wallahi ni ban ma yi niyyar saye ba," ko da ba wanda ya tambaya, daga nan farashin ya suɓuce mata. Sannan rashin irinsa ya kashe al'adar aro. Sarƙar kanti tana iya zaga wuya biyar a biki biyar ba wanda ya gane, amma wadda babu irinta, da an hango ta a wuyan ƙanwa an san ta yayarta ce. Rashin irin ma ba ya daɗewa. Wata ƙawa za ta matso da sunan gaisuwa, wayarta a karkace, kuma ba a jima ba sai ga kwatankwacinsa daga ƙasar Sin an zube a kasuwar Sabon Gari, mai ruwan gwal, har ya fi na asalin ƙyalli. Ranar da mai shi ta gan shi a kunnen mai aikinta, ranar take daina sawa.

Azurfa in ta daɗe a ajiye dushewa take yi, ta yi baƙi-baƙi. Ranar da buƙata ta taso aka kai ta wurin 'yan gwal, mai sikeli zai cire dutsen ya ajiye gefe, ya auna abin da ya rage, ya faɗi kuɗin da bai kai na akwatin kwalin da kati ba. Sai a fusata a ba dillaliya. Dillaliya ta yi ta yawo da ita gida-gida ba mai so, a ƙarshe ta sauke wa wani mai rumfar tsofaffin kaya a Kurmi. A can mai butik take tsintar ta in ta fita sarin kaya. Wannan karon ba a wankewa, ba a gogewa, domin baƙin shi ne jarin. Ana sake mata kati, a rubuta cewa tsohon kayan tarihi ne da aka gada kaka da kakanni, a ninka kuɗin farko, a mayar da ita ƙarƙashin fitila.