Amanar Kawu da Ƙwaron da Ya Shiga Kabarin Fir'auna

Akwai amanar da za a ba mutum ya ci gaba da minsharinsa, akwai kuma wadda ke raba shi da barci. In kuɗi ne ka kai banki. In akuya ce ka ɗaure ta a turke, ka nemo mata dusa da harawa. Ni kuwa abin da Kawuna ya ga ya dace da ni shi ne tabar Kyuba, kara 25, cikin akwatin katako mai sheƙi, alhali ni ko hayaƙin maganin sauro na shaƙa sai na kwana ina tari.

Ba sigarin mai tebur nake nufi ba. Ƙatuwar nan ce mai launin ƙasa-ƙasa da ake gani a bakin Fidel Castro cikin tsofaffin hotuna, ganye aka naɗe cikin ganye da hannu, ba takarda ba auduga. Kawu ya daɗe yana aiki a ƙasashen waje, a can ya kwaso ɗabi'ar. Ranar da likita ya saurari ƙirjinsa ya girgiza kai, Hajiyarsa ta kafa doka, ta bi gidan lungu-lungu tana kwashe duk abin da ke ci da wuta. Akwati ɗaya ne ya tsira, shi ne aka kawo mini bayan isha'i, a cikin buhun shinkafa.

"Ɗan nan, ba sha zan yi ba," in ji Kawu. "Ajiya ce. Irin wannan tana daɗewa tana ƙara daraja. Abu biyu kawai take so, sanyi da danshi. Zafi kada ya wuce digiri 18 zuwa 20, danshin iska kuma kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ka ga ai ba wuya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a Kanon nan?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga ba ni tarihi. Wai ganyen nan daga Vuelta Abajo yake, a lardin Pinar del Río da ke yammacin Kyuba, inda masana taba suka ce babu ƙasar da ta kai ta. Wai a Fabrairun 1962, kafin Shugaba Kennedy na Amurka ya sa hannu a takunkumin da ya hana shigo da kayan Kyuba, sai da ya tura kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa kara 1,200 tukuna. Na ce masa ai na ji shi Castro da kansa ya daina sha a 1985. Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Shi ya sa na ce maka ajiya ce."

A cikin hunturu aka ba ni kayan, don haka maganar sanyi ba ta dame ni ba. Danshi ne babu. A jikin murfin akwatin akwai wani ɗan agogo wanda ba lokaci yake nunawa ba, danshi yake aunawa. Allurarsa ta fara gangarowa daga 70, ta wuce 50, ta nufi ƙasa ba waiwaye. Wanda ya san hunturun Kano ya san iskar da ke tsaga leɓe da diddige ba za ta ƙyale ganyen da ya fi fatar albasa laushi ba. Bawon waje na wasu karare ya fara darewa. A cikin murfin akwai soso da ake jiƙawa, Kawu ya ce sai da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir. Ni da nake da rijiyar burtsatse a bakin layi? Na jiƙa shi sharkaf da ruwan jarka, na ƙara da ɗan kofin shayi cike da ruwa a kusurwa, don alheri ba ya yawa. Allura ta haura 80. Ba a jima ba fumfuna ta fito, kore-kore, na zauna da tsumma ina goge kara ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a kulle, uwargida tana tambaya daga tsakar gida ko lafiya.

A wannan tsakanin ne surukata ta zo mana kwana biyu. Katakon da ake shimfiɗa wa cikin irin wannan akwati yana da ƙamshi, daga dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ake samo shi, kuma ana zaɓarsa ne don yana riƙe danshi, ƙwari kuma ba su cika son warinsa ba. Hancin surukata kuwa yana so. Ta buɗe durowa neman zanin gado, ta ji ƙamshi, ta buɗe akwati, ta ga sanduna jere reras kowanne da ɗamarar takarda mai ruwan zinare. Ta yanke hukunci cewa surukinta ya sayo turaren wuta na manya ya ɓoye wa 'yarta. Na dawo daga aiki na tarar da kasko a tsakiyar falo, an karya kara guda an barbaɗa a garwashi, labule da kujeru sun sha, yara suna atishawa. Me zan ce? Suruka ce. Na durƙusa na gaishe ta, idona na hawaye, ta ɗauka ladabi ne. Ina ji tana ce wa 'yarta a hankali, "Ki faɗa wa mijinki an cuce shi a turaren nan."

Saura 24. Uwargida kuma ta san komai, ta kuma ajiye shi a ranta don ranar da zai yi amfani.

Sai bazara ta shigo. A Kano, Afrilu yakan kai digiri 40 har ya gota, dare ma bango amai yake da zafin da ya haɗiya da rana. Ina da na'urar sanyaya ɗaki, amma ita ma sai ta ga wuta, wutar kuwa takan leƙo ne ta gaishe mu ta wuce. Nan na yi dabarar da har yau nake ganin ta cancanci yabo. Na tuna da tukunya cikin tukunya, fasahar da malamin nan ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen buhu a sama. Ruwa na tsanewa yana tafiya da zafi, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Na sayo manyan tukwane, na zura akwatin Kawu, na riƙa yi wa yashi ban ruwa safe da yamma. Zafin ciki ya sauko wajen digiri 30, allurar danshi ta tsaya cak a 70. Na yi wa kaina kirari.

Abin da Kawu bai faɗa mini ba, ko don ya manta ko don kada in ƙi karɓa, shi ne tabar nan takan zo da baƙi a cikinta. Akwai wani ƙwaro ja-ja, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, mai dunƙulallen kai, wanda ke saka ƙwai a jikin ganyen taba tun yana rumbu. Ƙwan ba ya ganuwa, ana iya naɗe shi cikin kara ba a sani ba. Muddin wuri na da sanyi, ƙasa da digiri 18, ba abin da zai motsa. Da zafi ya haura 22 zuwa 23, ga danshi, sai ƙyanƙyasa ta tashi. Yanayin da kuwa ya fi so a duniya shi ne wajen digiri 30 da danshi kashi 70. Ashe zafin Kano tsagwaronsa da bushewarsa ma wahalar da shi suke yi. Ni ne na tsamo shi daga wannan ƙunci, na gina masa ɗakin haihuwa, ina kuma yi masa ban ruwa. Amma a yi adalci, tukunya ta yi aikinta, ni ma na yi nawa. Wanda ya kawo ƙwai cikin buhun shinkafa shi ya kamata a tambaya.

Ranar da na buɗe akwatin, huji na fara gani a jikin kara ɗaya, zagayayye tas, bai fi kan allura ba. Na juya shi, ga wani. Na ɗauko farar takarda, na ƙwanƙwasa gindin karan a kai, sai ga gari mai launin ƙasa yana zubowa, laushi lilis. Garin nan shi ne abin da tsutsa ta ci ta fitar. Ita ce ke ɓarnar, tana haƙa hanyoyi a ciki makonni tana ci, sannan ta rikiɗe ta zama ƙwaro, ya huda bawo ya fito neman aure. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har kusan 100, kuma cikin wata biyu a lokacin zafi an sake sabon zubi. Ina cikin kallo ɗaya ya fito daga ƙarƙashin ɗamarar zinaren nan, ya taka a hankali ya ratsa takardar, bai ko nuna ya san da ni ba.

Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin kunyarsa. Sinadarin nikotin da ke cikin taba guba ce ga ƙwari, har maganin feshi an yi da shi a gonaki. Wannan kuwa tuwonsa ke nan, domin akwai wani yisti da ke zaune a cikinsa yana taimaka masa ya narkar da abin da zai kashe waninsa. Kuma ba yau ya fara ba. An samu gawarwakin irinsa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka buɗe a Masar a 1922. Wanda duwatsu da hatimin Fir'auna ba su tsare ba, ni da tukunyar ƙasa zan tsare shi?

Magani ɗaya ne, sanyi mai tsanani. A zubar da waɗanda suka huje da yawa, a ɗaure sauran cikin leda biyu ba iska, su kwana a firji, su yi kwana uku a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, sannan su sake kwana a firji don kada bawon ya fashe da canjin yanayi. A takarda abu ne mai sauƙi. Firizar da na sani a layinmu ta maƙwabciya ce mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga azumi ya kama, lokacin da ko tafin hannu na wuri a firiza kuɗi ne. Gidan kuma ba a shiga, dole uwargida ce za ta kai. Ta karɓa da sharaɗin sabuwar atamfa. Aka ce wa maƙwabciya maganin gargajiya ne, aka kuma biya ta kuɗin zoɓon da ƙunshin ya tare wa wuri. Washegari maigidanta ya tare ni bayan sallar asuba, wai ya ji ina da maganin basir, a ɗan sam masa.

Firizar da ake buɗewa duk bayan minti biyar, wuta na zuwa tana tafiya, ba ta kashe komai ba. Taba ta daskare, ta narke, ta sake daskarewa. Ƙarshe sai wani abokina ya kai ni wurin masu ɗakin sanyi na kifi, inda janareta ba ya hutawa. Can kam ƙwaro ya ga ta kansa, da shi da tsutsa da ƙwai. Sai dai ganyen taba yana zuƙe duk warin da ya kusance shi, ledar kuma ashe ta ɗan huje.

Ina murnar an gama yaƙi, sai ihu ya tashi daga kicin. Ƙwaron nan yana tashi sama, musamman da yamma, kuma ba taba kaɗai yake ci ba. Waɗanda suka fito tun farko sun yi ƙaura zuwa sito, sun shiga busasshiyar citta, sun shiga barkono, sun leƙa shinkafa, har bayan littattafan yara sun ɗana. Barkono fa! Uwargida ta fito da daron citta duk huji, ta dire a gabana ta ce, "Baban yara, ga baƙin Kawunka nan, sai ka san inda za ka sauke su." Kayan yajin shekara guda aka zubar, atamfa ta zama biyu.

Bayan salla Kawu ya zo duba ajiya. Ya buɗe akwati a zaure, ya ƙirga abin da ya saura, ya yi shiru. Sannan ya ce bari ya gwada ɗaya, ba don sha ba, don bincike. Ya kunna, ya zuƙa, ba abin da ya iso bakinsa, hayaƙi ta gefe yake fita. Sai ya bi hujojin ya toshe da yatsu, wannan ya ɗaga wannan ya danne, kumatu a kumbure, kamar makiyayi yana busa sarewa. Da hayaƙin ya samu hanya, ya lumshe ido, ya ɗan tauna, ya buɗe.

"Ɗan nan, kifi kuka ci jiya?"

Na ba shi labari tun daga kasko har ɗakin sanyi. Bai yi faɗa ba. Ya ce na yi ƙoƙari, ya ce yanzu na ƙware, ya ce ma ya yi magana da wani tsohon abokin aikinsa, wani akwatin yana hanya.

Don haka duk wanda yake da sola mai riƙe na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, da firizar da ba ta taɓa ganin kifi ba, kuma surukarsa tana nesa, don Allah ya neme ni kafin akwatin ya iso. Zan haɗa masa da tukwane biyu kyauta.